Takardar da na rubuta a kan karyar Kawu

Wawan da ke cikin wannan labari ni ne. Gara in faɗa da bakina tun kafin jikokina su faɗa a madadina, don na ga alamar sun fara. Kumandan, baturen da ke mulkin ƙasarmu, yana da nasa kason, kuma zan zo kansa, ba zan raga masa ba. Amma babban kaso nawa ne, ni saurayi ɗan shekara ashirin da ƴan kai, mai wandon kaki da ya tsaya a gwiwa, mai kiriyo a bayan kunne ko da babu abin rubutawa.

Shekara uku na yi a lakwal, makarantar Nasara, a Magariya. Uku cur. Daga ƙauyenmu na wajen Dungas aka kamo ni, lokacin da aka ce kowane mai gari ya kawo yara, mai garinmu kuwa ya ɓoye nasa ya miƙa ni. A shekara ta uku mushe, haka muke ce wa malamin, ya gaji da ni, ni ma na gaji da bulalarsa, muka rabu ba wanda ya yi kuka. Na fito da abin da ya ishe ni in karanta allon bakin biro, wato ofishin kumandan, in rubuta layi huɗu da Faransanci, in kuma raina duk wanda ya girme ni. A wannan na ƙarshen na fi ƙwarewa.

Da wannan ilimi aka ɗauke ni aiki wajen likitan dabbobi. Ba bature ba ne, baƙin mutum ne daga ƙasashen bakin teku, muna ce masa anfarme. Aikina in kayar da saniya a yi mata allura, in dafa allurai, da safe kuma in bi shi mayanka in riƙe masa hatimi yana duba nama. Mahauta sun ga hatimi a hannuna, sun ɗauka ni ma wani abu ne. Kullum sai a naɗe mini hanta da tsoka a ganye. Ban taɓa gyara musu wannan kuskure ba.

A gidan Kawu nake zaune, ƙanen uwata, a can bakin gari. Mafarauci ne. Yana da karya ja, doguwa, mai siririn ƙugu, kunnenta na hagu a tsage. Duk naman da ake ci a gidan da rani ita ke kawo shi: zomo, gada, wani lokaci zabon daji da ta cafke kafin ya tashi. Matarsa, wadda nake ce wa Inna, ba ta yarda karyar ta kusanci randa ko buta, kaskonta daban ne, yana can gindin danga. Amma na sha jin ta tana yi mata hira in tana tsince wake, tana gaya mata abin da ba ta gaya wa Kawu.

Kawu yana da abu biyu da yake yi duk lokacin da karyar ta haihu. Na farko, ƴaƴa huɗu yake bar mata. Sauran ya kai wa abokan farautarsa da ke da karya mai shayarwa, in babu kuwa, ba a tambayarsa inda ya kai su. Na biyu, ya sa Inna ta tara ƙasusuwa, ta binne su cikin garwashi har su yi fari fat, ta daka su a wani tsohon turmi mai tsage, ta riƙa barbaɗa garin cikin dusa da tsala tana ba ta safe da yamma. Ban taɓa tambayar dalili ba. Shi ma in an tambaye shi, cewa zai yi haka ya ga ubansa yana yi.

A bazarar da nake magana, saura kwana huɗu ta haihu aka aiko wa Kawu cewa yayansa yana kwance a Guci, jiki ya yi tsanani. Ya ɗaura wa jaki akumari ya tafi. Ya bar gida a hannuna, tunda ni ne namiji, kuma ni ne mai karatu. Allah ya jiƙansa, a kan zomo bai taɓa kuskure ba, amma a kan mutum yana yi.

Ta haifi takwas. Inna ta ce za ta aika a kira wani abokin Kawu ya rage su. Na hana. Na riga na yi wa mutane alkawarinsu tun suna ciki: magatakardan biro ɗaya, direban kamiyon gyaɗa ɗaya, wani tela biyu. Ina son a riƙa cewa ni na bayar. Na ce da ita a ƙasar Nasara ba a rage ƴaƴan kare. Ban san ko haka ne ba, har yau ma ban sani ba.

Sai maganar ƙashi. Watanni kafin nan wani baturen likita ya zo rangadi daga Damagaram, aka dace wata saniya ta mutu da ciwon saifa. Ya sa aka haƙa rami mai zurfi, aka ƙone ta, aka binne har ƙashinta, yana ta yi wa anfarme bayani da sauri. Ba da ni yake ba. Ina gefe riƙe da bokiti, kalma ɗaya nake kamawa cikin biyar. Abin da na kama shi ne ƙashi da cuta. Na haɗa su na ajiye a kaina: ƙashi cuta ne. Bai ce kowane ƙashi ba. Ni na ƙara masa wannan, kyauta.

Da na ga Inna ta zauna gaban tsohon turmin nan, sai na tsaya a kanta na yi mata lakwal. Ta ce ita dai abin da mai gida ya ce take yi. Na ce likitan Nasara ya hana. Ta ce likitan Nasara bai san karyarta ba. Daga nan na yi abin da har yanzu in na tuna sai in ji kamar in mari kaina: na ce doka ce ta gwamnati, in gardi, ɗan sandan kumandan, ya leƙo ya ga ana ƙona ƙashi a gida, Kawu ne zai kwana a kaso. Babu wannan doka. A bakina aka haife ta. Amma mace ce da ta ga an tafi da ƙanenta aikin tilas bai dawo da lafiya ba, kalmar gardi kaɗai ta ishe ta. Ta kife turmin.

Na karɓi ciyarwa. Hanta da safe, tsoka zalla da yamma, ko guntun guringuntsi sai na cire. Wace karya ce a faɗin ƙasar nan ta taɓa cin irin wannan? Gashinta ya yi sheƙi. Ƴaƴan suka yi ɓul-ɓul, takwas ɗin nan suna rataye a jikinta dare da rana kamar kaska. Ina kawo abokaina su gani. Sau biyu Inna ta ce mini ta ga karyar tana lasar toka a murhu, tana kuma gatsar bangon ɗaki. Na ce kwaɗayi ne, halin kare.

Ƴaƴan sun kusa sati uku. Ranar kasuwa ce, na dawo daga mayanka da hantsi, zafi ya riga ya sauko. Na tarar da ita tana kai da kawo cikin gida, tana haki, ta ƙi ƴaƴanta. Fatar bayanta tana rawa kamar ta doki in ƙuda ya sauka. Kafin in ajiye ganyen hannuna ƙafafunta suka sandare, ta taka sau uku kamar mai tafiya a kan sanduna, ta faɗi ta gefe. Haƙora a datse, yawu yana dalala, ido a waje. Jikinta zafi kamar dutsen guga.

Maƙwabta suka leƙo ta saman danga. Mutum goma, ko fiye. Kuma dukkansu ni suke kallo, mai wandon kaki, yaron likita. Wani tsoho ya ce, to malam, mene ne? Ku da ba ku taɓa tsayawa gaban mutanenku suna jiran ku san abu ba, ba za ku gane daɗin da ke cikin wannan ba. Ya fi hanta daɗi. Na gyara tsayuwa, na faɗi sunan ciwon da Faransanci tukuna don ya yi nauyi, sannan na sauko musu da shi: haukan kare ne.

Dangar ta watse. Uwaye suka fizgi ƴaƴansu. Inna kaɗai ta tsaya. Ta ce ba shi ba ne, ta taɓa ganin irin wannan a gidan ubanta, karya mai shayarwa ce ta sandare. Ta durƙusa ta kira ta, wutsiyar ta buga ƙasa sau biyu duk da sandarewar. Ta ce in duba, mahaukacin kare ba ya sanin mai shi. Na ce ta matsa kada ta cije ta. Na zaro kiriyo daga bayan kunne, na yagi takarda daga kaye, littafin rubutuna, na rubuta layina huɗu a kan gwiwa. Anfarme yana wani ƙauye yana yi wa shanu allura, ba zai dawo ba sai rana ta yi tsaka. Da na jira shi, da babu labari. Ban jira ba. Gudu na yi zuwa biro, don kada wani ya riga ni.

Tafinta ya karɓa ya shiga da ita. Ta taga nake hango kumandan. Bai ɗaga kai ya tambayi wa ya gani ba, wa ya duba, wane ne wannan da ya rubuta da hannu kamar tafiyar kaza. Shekara uku mushe yana ja mini jan layi a kan duk abin da na rubuta, amma ran nan babban baturen ƙasa ya karanta ni bai ga kuskure ko ɗaya ba. Ya ƙara kalma ƴan kaɗan a ƙasa, ya buga hatimi. Tafinta ya fito ya ce an ba da oda, bayan azahar gardi za su je su harbe ta, a yanke kan a aika a duba. Har ya ce mini na kyauta. Na koma gida ina taku ɗaiɗai.

Inna ba ta zauna jiran kowa ba. Ta kwashe ƴaƴan cikin kwando ta miƙa wa maƙwabciya ta kan danga don su daina tsotso. Ta jiƙa buhu ta lulluɓe karyar, ta ja ta inuwar ɗaki. Ta tono turmin nan, ta ƙona ƙashi a gabana, ta daka, ta dama da tsala tana ɗiga mata ta gefen baki da ludayi. Rabinsa yana zubewa ƙasa. Ba ta dube ni ba. Da na gaya mata abin da ke tafe, ludayin ya tsaya kaɗan a hannunta, sannan ta ci gaba.

Anfarme ya riga gardi isowa. A biro ya ji, ya taho a kan kekensa da jakarsa, gumi har cikin takalmi. Ya tsuguna nesa kaɗan ya dube ta, sannan ya matso ya ɗaga buhun ya ga nonuwan. Ya tambayi ƴaƴa nawa. Aka ce takwas. Ya tambayi me take ci. Nan na sake gyara tsayuwa, na lissafa masa: hanta, tsoka, ba ƙashi ko ɗaya, mushe anfarme, ni da kaina nake cirewa.

Mutum ne mai haƙuri, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba ko ga bijimi. Ran nan ma bai ɗaga ba. Da Hausarsa mai karyayyen baya ya yi maganar, ba da Faransanci ba, kuma na san da gangan ne, don Inna ta ji. Ya ce farin abin da ke cikin ƙashi sunansa kalsiyom. Ba a ƙashi kaɗai yake ba, akwai kaɗan yana yawo cikin jini, shi ne ke sa jijiya da tsoka su san lokacin kamawa da lokacin saki. Nono kuwa da shi ake yin sa. Baki takwas suna ja daga jikin uwa, in ba a mayar mata ta abinci ba, na cikin jinin sai ya ƙare, tsoka ta kama ta ƙi saki, duka a lokaci guda, zafi ya hau, numfashi ya gagara. Nama zalla kusan babu shi a ciki, hanta ma haka. Ya nuna turmin da haɓa ya ce wannan ne maganin tun farko, amma yanzu ta baki ya yi jinkiri.

Ya buɗe jaka ya fito da wata ƴar kwalba. Na san ta. Ta saniyar tatsar gidan kumandan ce, an ajiye don ranar da za ta haihu ta kasa tashi. Ba a taɓa cewa akwai irinta don dabbar talaka ba. Ya dube ta, ya dubi ƙofa, ya fasa bakin. Ya ce in riƙe ƙafar gaba, in matse sama. Ya sami jijiya ya fara turawa a hankali, a hankali ƙwarai, ɗayan hannunsa a kan ƙirjinta yana jin bugun zuciya, don ya ce in aka yi sauri zuciyar ce za ta tsaya.

A hannuna na ji ƙafar ta saki. Ban manta da wannan ba. Kamar igiyar guga in an kai bakin rijiya. Rawar ta lafa, haƙoran suka buɗe, hakin ya ragu. Kafin a dafa shayi ta ɗaga kai. Ta yunƙura ta zauna, ta miƙe tana tangaɗi, ta je kaskonta ta sha ruwa, ta yi ta sha. Sannan ta fara shinshina wurin da ƴaƴanta suke kwana. Inna ta ce alhamdu lillahi a hankali. Maƙwabta suka fara dawowa saman danga.

Tana cikin shinshinar nan gardi suka yi sallama. Su biyu ne, babbansu tsohon soja ne da ya yi yaƙin Nasara, yana da takardar a aljihun gaba. Ya gai da Inna da ladabi, ya tambayi mai gida. Anfarme ya tare shi ya yi masa bayani, ya nuna masa karyar tana tsaye, ya ce ga ta nan ta sha ruwa a gaban kowa. Tsohon sojan ya ce ya gani, shi ma ɗan mafarauta ne, ya san wannan ba hauka ba ne. Amma an buga hatimi. In ya koma ba kai, shi za a tambaya.

Anfarme ya ce a ba shi lokaci ya je ya ga kumandan. Tsohon sojan ya ce ya je, zai jira har la'asar, fiye da haka ba zai iya ba. Muka tafi tare, shi a kan keke, ni ina gudu a baya. A ƙofar gidan kumandan aka ce yana barcin rana, ba a tashinsa. Muka tsaya cikin ranar nan. Da ya tashi, tafinta ya shiga ya fito da amsa: in likita ya yi kuskure da safe, me zai hana ya yi da yamma? A aika kan, can za su faɗa. Anfarme ya ce ba likita ne ya rubuta ba. Tafinta ya dube ni, ya ce wannan bai shafi kumandan ba, takarda daga ofishin dabbobi ta fito.

To ku gaya mini. Mutumin da aka kawo daga bayan teku ya mallaki ƙasa, wanda ke da ikon ɗaure mai gari, ba shi da ikon taka sawu ɗari uku ya dubi kare? Ya yarda da layi huɗu na wanda aka kora daga lakwal, ya ƙi yarda da bakin wanda su da kansu suka koyar shekara da shekaru. Don nawa a rubuce yake, nasa kuwa magana ce. Wannan shi ne mulkin da na ga wasu tsofaffin suna yabo yanzu, wai a lokacin akwai tsari. Akwai, na gan shi. Ni na tayar da shi da kiriyo, kuma ko ni ban iya tsayar da shi ba.

Ba a cikin gida aka yi ba. Tsohon sojan ya ce ba zai yi wa matar mutane haka a tsakar gidanta ba. Karyar ba ta bin baƙo, ta ƙi igiya, sai aka ce wanda ta sani ya kira ta. Inna ta shige ɗaki. Ni na kira ta. Ta biyo ni har bayan gari tana kaɗa wutsiya, don sati uku duk lokacin da na kira ta hanta ce.

Da aka harbe ta, ƙaramin gardin ya ce an ce tana da ƴaƴa, su ma ai sun sha nononta. Tsohon sojan ya zaro takardar ya miƙa mini ya ce in karanta masa, kare nawa aka rubuta. Na ce ɗaya. Cikin gaggawar safe na manta da su. Ya ce to ɗaya aka ce, ɗaya ya yi, ya ninke takardar. Bayan wata biyu amsa ta dawo cewa ba a sami komai a kan ba. Anfarme ya ajiye ta a kan teburina. Ba wanda ya aika wa Kawu da ita, ba wanda ya ce a yi haƙuri.

Ran nan dai na binne abin da ya rage na dawo gida rana ta yi sanyi. Inna ta karɓo kwandon daga maƙwabciya. Tana zaune gindin danga, ta dama madarar akuya da ɗan garin ƙashin nan a kasko, tana tsoma tsumma tana ba su ɗaya bayan ɗaya. Takwas ɗin suna ta kuka suna hawa kan juna. Hannu biyu ba su isa ba, kowa ya gani.

Na daɗe a tsaye. Ina son in ce wani abu, abin da ya zo bakina kuwa irin wanda na saba ne. Na tsuguna kusa da ita, na ce ta kawo ɗaya in taya ta. Na ce kada ta damu, waɗannan za su rayu, zan faɗa mata yadda za a riƙa auna musu garin, anfarme ya yi mini bayani duka a hanya.

"Yanzu na san ciwon, Inna," na ce.

Ta matse tsumman a bakin wanda ke hannunta, ta ajiye shi, ta ɗauki na gaba.

"Ai da safe ma ka sani."